Nagarta da Rabo: Magana a Kan Faya-fayan da Ba Su Ci Kasuwa Ba

A cikin shekarar 1949 wani kamfani na Amurka mai suna RCA Victor ya fito da wani ƙaramin faifan garmaho, faɗinsa inci 7, yana juyawa sau 45 a minti guda. Kowace fuska tasa waƙa ɗaya ta ke ɗauka, wadda ba ta cika wuce minti uku ba. Faifan nan ba shi da nauyi, ba ya saurin fashewa kamar na da, kuɗinsa kuwa bai fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta ba. Saboda haka kafin a shekara goma ya zama shi ne babbar hajar masu cinikin waƙa a Amurka da Ingila. A kansa aka ɗauki yawancin waƙoƙin yayi na samari da 'yammata, da irin kiɗan nan na jita da ganguna da a ke kira rok.

Daga lokacin nan har wajen shekara talatin, faya-fayan da aka buga ba su ƙirguwa. Kowane mako sababbi na fitowa tuli. Kaɗan daga ciki su kan yi farin jini, a ji su a kowane gida da kowace mota. Saura kuwa su kan kwanta a kanti har su yi ƙura, daga bisani a karyar da su a kan 'yan kwabbai. Har wa yau akwai mutanen da ba su da wani abin sha'awa kamar tonon waɗannan da aka manta. In ɗayansu ya ɗora wa wani tsohon faifai allura, ya ji daɗin da ke ciki, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai ya cancanci ya yi suna, an dai zalunce shi ne."

Maganar nan tana da sauƙin faɗi, amma in an tsaya an auna ta sai a ga tana da nauyi. Duk wanda aka ce ya cancanci abu, lalle akwai wanda ya kamata ya ba shi. Leburan da ya yi aikin yini ya cancanci lada, an kuma san mutumin da zai biya shi. To, mawaƙin da ya yi waƙa mai kyau, wa ya ke bi bashin suna? Mutanen da ba su sayi faifansa ba sun ci masa haƙƙi ne? In kuwa ba su ci ba, mene ne ma'anar cewa an zalunce shi? Tambayar ba ta tsaya ga mawaƙa kaɗai ba, ta shafi kowane mai sana'a da ya gyara aikinsa, sa'an nan ya ga wanda bai kai shi ba ya wuce shi.

Ƙofofin da faifai ke bi

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san hanyar da faifai ya kan bi ya kai kunnen jama'a, gama ƙofa huɗu ce ke gabansa. Ta fari ita ce kamfani, wanda zai buga shi da yawa, ya kashe kuɗi wajen tallarsa. Ta biyu ita ce gidan rediyo. Tun cikin shekarun 1950 gidajen rediyo da yawa a Amurka suka ɗauki al'adar zaɓen waƙa arba'in su yi ta juya su dare da rana, wadda duk ba ta shiga cikin arba'in ɗin nan ba da wuya a ji ta. Ta uku ita ce dillalai da masu kantuna, domin in yaro ya ji waƙa ya tafi kanti bai tarad da faifan ba, wani zai saya da kuɗinsa, ba ya komawa gida da su.

Ƙofa ta huɗu ita ce jerin da jaridu ke bugawa mako-mako na waƙoƙin da suka fi kasuwa. A Ingila jaridar New Musical Express ce ta fara shi ran 14 ga Nuwamba 1952, da tambayar kantuna wajen 20 abin da suka fi sayarwa. A Amurka kuwa mujallar Billboard ta fara jerin waƙa 100 ran 4 ga Agusta 1958, tana haɗa lissafin ciniki da na yawan sawa a rediyo. Jerin nan an yi shi ne domin ya ba da labarin kasuwa, amma ba a daɗe ba ya koma shi ke jan kasuwar. Mai kanti ya kan duba shi kafin ya yi odar kaya, mai gidan rediyo ya kan duba shi kafin ya zaɓi arba'in ɗinsa. Watau wanda ya riga ya hau sai a ƙara tura shi sama, wanda bai sa ƙafa a matakin fari ba ya tsaya a ƙasa.

Ƙofofin nan kuwa ba kullum da gaskiya a ke buɗe su ba. A ƙarshen 1959 Majalisar Amurka ta shiga binciken toshiyar da kamfanoni ke ba masu sa faifai a rediyo, aka yi zaman sauraron shaidu a 1960, a shekarar kuma aka gyara doka, aka wajabta wa wanda aka biya ya sa waƙa ya bayyana wa masu sauraro. Alan Freed, wanda yana cikin waɗanda suka fi kowa yaɗa kiɗan rok a rediyo, ya rasa aikinsa a kan wannan magana, ya amsa laifin karɓar toshiya a 1962, ya mutu a 1965 yana da shekara 43. Mai karatu ya lura, duk faifan da aka saya wa wuri a rediyo, wani faifan aka ture domin a ba shi wurin.

Labarin Evie Sands

Babu misalin da ya fi dacewa da wannan magana kamar na wata mawaƙiya Evie Sands, mutuniyar Brooklyn a birnin Niyok. A 1965, tana budurwa, ta yi wata waƙa mai suna "Take Me for a Little While" a wani ƙaramin kamfani, Blue Cat. Kafin faifan ya fito sosai, sai wani ya saci kofin gwaji ya kai wa wani kamfani a Shikago, aka sa wata mawaƙiya ta yi waƙar da gaggawa, aka riga mai ita shiga gidajen rediyo. Aka yi ta jayayya, kafin a rabe gaskiya kasuwa ta watse, waƙar ta mutu a hannun su biyun.

Ta sake yin wata, "I Can't Let Go", ita ma ba ta je ko'ina ba. A 1966 wasu samarin Manchesta da a ke kira Hollies suka ɗauki waƙar nan suka yi tasu, ta kai ta 2 a jerin Ingila. A 1967 ta koma kamfanin Cameo-Parkway, ta yi "Angel of the Morning". Gidajen rediyo suka fara sawa, mutane suka fara nema, sai kamfanin ya faɗa cikin tsiyar kuɗi ya durƙushe, faifan ya ƙare a kantuna ba mai sake bugawa. Da shekara ta kewayo, a 1968, wata mawaƙiya Merrilee Rush ta yi waƙar, ta kai ta 7 a Amurka.

Sau uku ke nan a cikin shekara uku. Biyu daga cikin waƙoƙin nan kasuwa da kanta ta shaida nagartarsu, amma a bakin wasu. Irinta kuma ba ita kaɗai ba ce. A farkon 1964 wata baƙar mace Bessie Banks ta yi "Go Now" a Niyok, faifan bai shiga jerin ɗarin nan ba. Wasu samarin Ingila, Moody Blues, suka ji shi suka kwaikwaya, nasu ya zama na 1 a Ingila a farkon 1965, ya kai na 10 a Amurka. Abin da Hausawa ke cewa ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu cewa kasuwa alƙali ce

A kan wannan al'amari mutane sun kasu kashi biyu. Kashi na fari sun ce babu wata cancanta sai wadda kasuwa ta tabbatar. Hujjarsu ita ce, waƙar yayi ba domin komi aka yi ta ba sai domin ta burge jama'a, saboda haka wadda jama'a ba su saya ba ta kāsa aikin da aka yi ta dominsa, kamar tulun da ba ya riƙe ruwa. Sun ce mai cewa wata waƙa ta cancanta, son ransa kaɗai ya ke faɗi, yana so ya ɗora kunnensa bisa kunnen miliyoyin mutane.

Maganar tasu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, amma akwai inda ta karye. Ran 12 ga Afrilu 1954 Bill Haley da makaɗansa suka ɗauki "Rock Around the Clock" a Niyok. Kamfaninsu bai ɗauke ta da muhimmanci ba, a bayan faifai ma ya sa ta, ya ba wata waƙa fuskar gaba. Ta fito, ta ɗan motsa, ta kwanta. A 1955 aka buɗe wani sinima mai suna "Blackboard Jungle" da ita, samari suka ji ta da ƙarfi a cikin duhun gidan kallo, sai ga ta ta zama ta 1 a Amurka har mako 8. Waƙar ba ta sake ba, ko kiɗa ɗaya ba a ƙara mata ba. To, in kasuwa ce alƙali, wane hukuncin za a ɗauka, na 1954 ko na 1955?

Ga kuma wani misali. A 1966 Phil Spector ya tara makaɗa masu yawa, ya kashe kuɗi mai tsoka, ya sa Tina Turner ta rera "River Deep – Mountain High". A Amurka waƙar ta tsaya a ta 88. A cikin shekarar nan dai ta kai ta 3 a Ingila. An ce dalilin faɗuwarta a gida shi ne gidajen rediyon Amurka a zamanin sun rabu, akwai na farare akwai na baƙaƙe, waɗannan suka ga kiɗan ya yi kama da na waɗancan, waɗancan kuma suka ga muryar ta waɗannan ce, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Faifai ɗaya, shekara ɗaya, hukunci biyu.

Abin da misalan nan ke nunawa shi ne, alƙali ba ya yanke shari'ar da ba a kawo gabansa ba. Yawancin faya-fayan da a ke cewa jama'a sun ƙi, jama'a ba su taɓa jinsu ba balle su ƙi. Tulun nan ba a zuba masa ruwa ba, an dai ajiye shi a lungu ne aka ce yana yoyo.

Wani gwaji da malamai suka yi

Akwai wani gwaji da ya haskaka wannan magana ƙwarai. Wasu malamai uku na Jami'ar Columbia, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka buɗe wata kasuwar waƙa ta gwaji a intanet, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2006. Suka zuba waƙa 48 na mawaƙan da ba wanda ya san su, mutum 14,341 suka shiga. Aka raba mutanen rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya kowa ya saurara ya zaɓa da kunnensa kaɗai, bai san abin da wasu suka zaɓa ba. Sauran kuwa aka kasa su gida 8, kowane gida ana nuna wa mai shiga yawan mutanen gidansu da suka riga suka ɗauki kowace waƙa.

Da a ce nagarta kaɗai ke kai waƙa sama, da gidajen nan 8 sun fito da jeri iri ɗaya, gama waƙoƙin ɗaya ne. Amma ba haka ta faru ba. Kowane gida ya fito da nasa jerin. Akwai waƙar da ta zo ta 26 a wurin masu zaɓe da kunnensu, ta zama ta 1 a wani gida, ta zama ta 40 a wani. Abin da ya raba su bai wuce 'yan mutanen da suka fara shiga ba: wadda suka taɓa da fari ita na baya suka bi, waɗanda suka zo bayansu kuma suka bi su. Ashe mutum ba da kunnensa kaɗai ya ke jin waƙa ba, har da idonsa, yana duban inda taro ya nufa.

Masu cewa rabo ne kurum

Kashi na biyu su kuma suka ɗauki wannan suka zarce da shi. Suka ce tun da haka ne, babu wani abu nagarta, komi rabo ne, wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi rawa ya sha duka. Wannan ma kuskure ne, kuma gwajin nan da kansa ya ƙaryata su. Malaman sun tarar waƙoƙin da suka fi kyau ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, waɗanda suka fi muni kuma ba su cika hawa ƙoli ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne sa'a ke wasanta. Watau nagarta ita ke shigar da doki fagen sukuwa, amma ba ita kaɗai ke kai shi gaba ba.

Akwai kuma shaida daga Ingila. A cikin shekarun 1970 'yan ƙwadago matasa na garuruwan arewacin ƙasar suka kamu da son tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka masu saurin kiɗa, musamman waɗanda ba su yi kasuwa ba. Su kan taru su kwana suna rawa, babban wurinsu shi ne wani ɗakin rawa mai suna Wigan Casino, wanda ya yi wannan hidima daga 1973 zuwa 1981. Masu sa musu faifai su kan haye teku su tafi Amurka su yi ta tonon rumbunan kaya. A 1973 ɗayansu, Richard Searling, ya dawo da wani faifai na Gloria Jones wanda ya fito a 1965 bai yi komi ba, waƙar da ke bayansa sunanta "Tainted Love". Mutanen da suka tashi suka yi mata rawa ba su san mai ita ba, ba jarida ta yaba musu ita, ba rediyo ya cusa musu. Kunnensu da ƙafafunsu ne suka yi hukunci. A 1981 wasu samari biyu, Soft Cell, suka sake yin ta, ta zama ta 1 a Ingila, ta kuma yi mako 43 a jerin Amurka. Da babu wani abu a cikin waƙar, da shekara 8 da ta yi a rumbu sun gama da ita.

Amma fa a nan ma sai an yi hattara, domin masu tonon nan su ma suna da tasu cutar. A ƙarshen 1965 kamfanin Motown na Detroit ya buga kofi 250 na gwaji na wata waƙar Frank Wilson, "Do I Love You", sa'an nan aka fasa fitar da ita domin an fi bukatarsa wajen tsara wa wasu waƙa, aka lalata kofin. Waɗanda suka tsira ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. A 2009 aka sayar da ɗaya a kan fam 25,742. Waƙar tana da daɗi, ba musu, amma tun 1979 aka sake buga ta a Ingila, kowa na iya sayenta da ɗan kuɗi kaɗan. Fam dubu ashirin da biyar ɗin nan kuɗin ƙarancin faifan ne, ba na daɗin waƙar ba. Wanda ke son abu domin ba kowa ke da shi ba, da wanda ke son abu domin kowa na da shi, duka biyu mutane su ke kallo, ba waƙa su ke ji ba.

Haka kuma bai kamata a ce zamani ya kan gyara kowane kuskure ba. Waɗanda aka tono su ne a ke ba da labarinsu. Waɗanda ba wanda ya bi ta kansu, babu mai iya kawo sunansu, domin rashin sunan nan shi ne ainihin abin da ya same su.

Rashin sa'a dabam, zalunci dabam

Tun da kashi biyun nan kowanne ya kama rabin gaskiya, ina mafita? Mafita ita ce a rarrabe abubuwa uku da mutane kan cakuɗa: ƙauna, da dama, da haƙƙi.

Ƙauna ba bashi ba ce. Ba wanda ya wajaba a kansa ya so waƙar wani, ko ya fitar da kuɗinsa ya saya. Yarinyar da ta sayi faifan Merrilee Rush a 1968 ba ta zalunci Evie Sands ba, ba ta ma san da ita ba. Saboda haka in ana nufin jama'a ne suka ci bashin mawaƙi, maganar cancanta ba ta da tushe.

Dama kuwa amana ce a hannun masu tsaron ƙofa. Mutumin da aka ɗora a gidan rediyo, jama'a sun ba shi aron kunnensu ne, sun yarda abin da ya zaɓo musu shi ne abin da ya ga ya fi. In ya karɓi toshiya ya ci amana biyu, ta masu sauraro da ta mawaƙin da aka ture. Haka nan wanda ya rufe wa waƙa ƙofa saboda launin fatar mai ita. Waɗannan ba za su fake da rabo ba. Gaskiya ne rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma wannan magana ta haƙuri ce ga wanda ya rasa, ba hujja ba ce ga wanda ya hana.

Haƙƙi shi ne na uku, shi ne kuma ya fi sauƙin ganewa: kuɗin da aka yi alkawari, da ambaton sunan wanda ya fara. Wani mawaƙin Detroit, Sixto Rodriguez, ya yi manyan faya-fayai biyu a 1970 da 1971, ba su yi kasuwa a Amurka ba, ya koma aikin gini da rushe tsofaffin gidaje. Ashe can a Afirka ta Kudu ana ta sayen waƙoƙinsa shekara da shekaru, shi bai sani ba, kuɗin kuma bai kai hannunsa ba, sai da masoyansa suka nemo shi, a 1998 ya je ya yi musu wasa. Rashin kasuwarsa a gida ana iya kiransa rashin sa'a. Kuɗin da ya maƙale a hanya kuwa yana da wani suna dabam.

In an auna labarin Evie Sands da wannan ma'auni sai ya rabu sarai. Satar kofin gwajin nan zalunci ne, akwai mai laifi. Durƙushewar kamfani ana tsakiyar cinikin faifanta rashin sa'a ne, babu wanda ya nufe ta da sharri. Irin wannan ya sami wasu samarin Memphis da a ke kira Big Star, waɗanda masu sharhi suka yaba wa ƙwarai a 1972 da 1974, amma saɓanin da ya shiga tsakanin kamfanonin da ke rarraba kayansu ya hana faya-fayan isa kantuna. Mutumin da ya kira komi zalunci zai cika zuciyarsa da ƙiyayyar waɗanda ba su yi masa komi ba. Wanda kuma ya kira komi rabo zai wanke ɓarawo.

To, ke nan kalmar cancanta tana da ma'ana ta gaskiya, in an san iyakarta. Cewa faifai ya cancanci suna ba ya nufin duniya ta ci bashinsa. Abin da ya ke nufi shi ne, aikin ya kai matsayin da, in da an buɗe masa ƙofa kamar yadda aka buɗe wa takwarorinsa, da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su. Wannan shaida ce a kan aikin, kuma shaidar gaskiya tana da daraja ko da ba ta sauya hukunci ba.

Abin da ya rage ga mai aikin

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi duka ciwo: shi mai aikin fa, me ya samu? Arthur Alexander, mutumin Alabama, ya rubuta ya kuma rera "Anna" a 1962, ta tsaya a ta 68. Beatles suka sa ta a babban faifansu na fari a 1963, Rolling Stones suka yi wata waƙarsa, Bob Dylan ma daga baya ya yi wata. Shi kuwa ya bar sana'ar, ya yi shekaru yana tuƙin bas a Cleveland. A 1993 aka lallashe shi ya dawo, ya yi sabon faifai, aka yaba, a watan Yuni na shekarar ya mutu yana da shekara 53. Chris Bell na Big Star ko wannan bai samu ba, hatsarin mota ya kashe shi a 1978 yana da shekara 27, kafin mutane su waiwayi aikinsa. Yabon da ya zo bayan an rufe kabari ba ya biyan kuɗin haya, wanda duk ya ce ya wadatar bai taɓa kwana da yunwa ba.

Duk da haka akwai abin da ba a iya ƙwace wa mai aikin kirki, shi ne aikin da kansa. Kyan waƙar Bessie Banks ya cika tun ranar da ta fito daga ɗakin ɗaukar murya, jerin jarida bai ƙara masa ba, bai rage masa ba. Evie Sands ba ta jefar da sana'arta ba. A 1969 wata waƙarta ta kai ta 53, daga baya ta juya ga rubuta wa wasu mawaƙa, a 1999 kuma ta sake fitowa da sabon faifai nata na kanta. Frank Wilson, wanda aka lalata faifansa, ya tsara wa Supremes da Four Tops waƙoƙin da suka yi kasuwa, daga baya ya zama mai wa'azi a coci. Mai sana'ar da ya rataya zuciyarsa ga suna ya rataya ta ga abin da ke hannun wasu. Wanda ya rataya ta ga gyaran aiki ya rataya ta ga abin da ke hannunsa.

Mai sauraro kuwa, ko da ya ke ba a binsa bashin ƙauna, akwai abu biyu da suka kamace shi, a waƙa ko a wanin waƙa. Na fari, kada ya mai da yawan taro ma'aunin nagarta, ya ce malamin da ya fi almajirai shi ya fi ilmi, ko maɗinkin da ya fi ciniki shi ya fi iya ɗinki. Garmaho ya tafi, waƙa ta koma cikin wayar hannu, amma lambar da a ke rubutawa ƙarƙashin kowace waƙa ta yawan waɗanda suka saurare ta, aikin jerin 1958 ta ke yi, har ta fi shi sauri. Na biyu, in abu ya burge shi, ya tambayi wanda ya fara shi, in ya sani kuma ya faɗa. Wannan ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, shi ne kuma ɗan abin da ya rage da za a iya mayar wa Gloria Jones da Bessie Banks da ire-irensu daga cikin abin da ya wuce su.